Tsayin Mama Lalie

Los Angeles
7 ga Maris, 1994

Tanti Celestine,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar da mahaifiyata ta ce tana damunki tun Kirsimeti? Mu nan lafiya lau, sai dai tun girgizar ƙasar Janairu ban mayar da faranti ko ɗaya kan kanta ba, duk suna cikin kwali a ƙasa.

Kada ki tsaya tunanin wace ce. Ni ce Delphine, jikar Zoe mai ɗinki, 'yar baffan mahaifiyarki Mama Lalie. Mun gaisa a jana'izar Kawu Ovide shekara biyu da suka wuce, har kika ce min gashina ya yi kama da sheƙar tsuntsu.

Kamfanin da ya sayi littafin Kawu Ovide zai fara ɗaukar fim ɗin a watan Satumba, kuma ni aka ba aikin zaɓen 'yan wasa. Kin san yayanki ya sa a yarjejeniya cewa ba macen da za ta fito a matsayin mahaifiyarku sai da sa hannunki. Na gwada mata ɗari da arba'in, saura biyu. Ɗaya Lorna Ashby, wadda wataƙila kin taɓa gani a talabijin. Ɗayar Wanda Pulaski, 'yar wasan daɓe ce daga Chicago.

Ga kaset cikin wannan ƙunshi. Dukansu sun yi fitowa ɗaya, ta daren guguwa, inda mazan gari suka ƙi fita neman jirgin ruwan da ya ɓata, Mama Lalie ta kwance igiyar nata. Don Allah ki kalla sau biyu kafin ki yanke. Ba zan faɗa miki wadda nake so ba, don kada ki ce na ja ra'ayinki.

Taki,
Delphine


Bakin Ruwa, Louisiana
21 ga Maris, 1994

Delphine,

Na samu wasiƙarki da kaset. Gwiwa tana nan yadda take, ba ta warke ba, ba ta kashe ni ba. Ki gai da mahaifiyarki, ki ce mata idan tana son jin lafiyata akwai waya a gidana, ba sai ta aiko da tambaya ta California ba. Na tuna ki sarai, kuma ina fatan kin samu mataji.

Ba ni da bidiyo, don haka na kai kaset gidan maƙwabciyata Verna. Ta dafa miyar kuɓewa da jatan lande, muka zauna muka kalla, ba sau biyu ba, sau huɗu.

Lorna ɗin nan ta yi. Da ta miƙe tsaye sai da Verna ta ajiye cokali. Doguwa, mai faɗin kafaɗa, ga dogon wuya. Buɗe littafin yayana shafi na uku ki karanta: Mamanmu sai ta sunkuya take shiga ƙofar coci, kuma ba namiji a bakin ruwan nan da bai ɗaga kai ba idan zai yi mata magana. To ga ta nan. Gaskiya ta riƙe igiyar kamar mai tsoron kada ta ɓata mata farce, amma wannan abin koyarwa ne. Tsayi kuwa ba a koyar da shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro da kaina. Kafin Lorna ta fara, an nuna ta daga kai har ƙafa, ta faɗi sunanta, ta ce tsayinta ƙafa shida ba inci ɗaya, ta juya hagu ta juya dama. Da aka zo kan ta biyun, sai kawai muka ga mace daga ƙugu zuwa sama ta cika allo tana magana. Ba suna, ba tsayi, ba juyi. Verna ta ce, "Ke Celestine, wannan ba ta da ƙafafu ne, ko a Chicago ta baro su?" Muka mayar da kaset baya. Akwai wani ɗan tsalle a hoton daidai wurin, irin na abin da aka yanke.

Ni tsohuwa ce, amma shekara talatin na yi ina auna kifi a sikeli, na san idan an ɗora yatsa. Kin ce ba za ki ja ra'ayina ba. Wa ya yanke kaset ɗin, kuma me aka yanke? Wandar nan ƙawarki ce? Ko akwai wani babba a kamfanin da yake nemanta? Verna ta ce haka ake yi a garinku, ni kuma ban musa mata ba.

Ba zan ce komai kan wasanta ba sai na ji amsarki.

Celestine Guidry


Los Angeles
2 ga Afrilu, 1994

Tanti Celestine,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ki gai da Madam Verna, ki ce mata idan tana neman aiki ina da kujera a ofis, don idonta ya fi na mutum uku da nake aiki da su.

Ni na yanke. Ba wanda ya sa ni. A aikinmu kowane ɗan wasa sai ya fara tsayawa a nuna shi gaba ɗaya, ya faɗi suna da tsayi, sannan a matso da kyamara. Na cire na Wanda saboda na san idan kika ji lambar ba za ki ƙara jin komai ba. Tsayinta ƙafa biyar da inci ɗaya. Na yi laifi, kuma kunya ta hana ni barci kwana biyu.

Amma ba ƙawata ba ce. Ban taɓa shan ko kofi da ita ba, kuma ba mai nemanta a nan. Hasali ma manyan kamfanin Lorna suke so. Shugabana ya kira ni ofishinsa ya ce, "Delphine, littafi ya ce doguwa, Allah ya ba mu doguwa, kuma mutane sun san fuskarta. Me kike nema kuma, wahala?" Na ce masa ina neman macen da maza goma sha biyu za su bi cikin guguwa. Ya ce, "To ki sani, idan tsohuwar nan ta ƙi gajeriyarki, ke da ita hanya ɗaya za ku bi."

Tanti, ranar gwajin ni na zauna bayan kyamara ina karanta maganar mazan gari. Da Lorna ta yi nata, ina karantawa ina tunanin inda na ajiye mota. Da Wanda ta zo, sai ta goge hannuwanta a jikin siket, ta yi ƙasa da murya har mai ɗaukar sauti ya matso, ta ce, "To ku zauna, ku riƙe min yarana." Wallahi layin da zan karanta ya ɓace min. Na ji kamar ni ce ragon da ya ƙi fita. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, sau uku kacal hakan ta taɓa faruwa da ni.

Fuska da tsayi muna da dabarunsu. Akwai akwatin da ake ɗora gajere a kai, akwai takalmi, akwai inda ake ajiye kyamara. Abin da ke sa ɗaki ya yi tsit idan mutum ya shigo, shi ne ba mu da akwatinsa.

Sai wata alfarma. Masu ɗinkin kayan fim sun tambaya ko akwai wata riga ta Mama Lalie da ta rage, don su ga yadi da ɗinkin lokacin. Na ji an ce akwai akwatin kayanta a gidanki. Ko guda ɗaya ce, ki aiko, zan mayar miki da hannuna.

Taki mai neman gafara,
Delphine


Bakin Ruwa
11 ga Afrilu, 1994

Delphine,

Lafiya nake, na gode.

Ƙafa biyar da inci ɗaya. Na auna a jikin ƙofar kicin, ko sakata ba ta kai ba. Wato uwata za ku ɗora a kan akwati kamar kaza a kasuwa, duniya ta zo ta kalla. Ina da shekara takwas zazzaɓi ya ɗauke ta, Ovide yana da goma sha ɗaya. Ba mu gaji gida ba, ba mu gaji jirgi ba, hoto ɗaya ne kuma a zaune take cikin jirgi ita kaɗai. Abin da ya rage mana shi ne yadda take tsaye a bakin ruwa ta rufe mana rana. Shi kike so in sa hannu a rage.

Kin ce Wanda ba ƙawarki ba ce. Wadda ta yanke kaset ita ce take faɗa min haka, to da wane kunne zan ji?

Kuma wa ya ce miki akwai akwati a gidana? Ban taɓa faɗa wa mahaifiyarki ba. Babanmu ya kulle shi ranar da aka binne Mama, ya ba ni makulli ranar aurena, ban buɗe ba, Ovide bai buɗe ba. Ba zan buɗe shi don telolin California ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan roƙon naki bai zo min a daidai ba.

C. Guidry


Los Angeles
29 ga Afrilu, 1994

Tanti,

Ina gaisuwa. Na kira sau biyar wayar tana ta ƙara ba a ɗauka. Ina fatan lafiya ce, fushi ne kawai.

Kakata Zoe ce ta taɓa ba ni labarin akwatin ina yarinya. Ban san ba a taɓa buɗe shi ba. Ki yafe min, na janye roƙon.

Ba ki ce komai kan wasan Wanda ba, alhali kin yi alkawarin faɗa idan na amsa. Na amsa.

Delphine


Los Angeles
24 ga Mayu, 1994

Tanti Celestine,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau mako shida ban ji daga gare ki ba. Mahaifiyata ta ce Fada ya ce yana ganinki a coci kowace Lahadi, don haka na san kina tsaye da ƙafarki, alhamdu lillahi.

Ya kamata in faɗa miki abin da lauyoyi suka nuna min, don kada gobe ki ce na sake ɓoye wani abu. Yarjejeniyar ta ba ki zuwa 15 ga Yuni. Idan ba ki zaɓi kowa ba har ranar, zaɓin ya koma hannun kamfani, su kuma Lorna za su ɗauka. Wato idan ita kike so, ba sai kin yi komai ba. Shirunki ya isa.

An riga an kai Lorna wurin mai koya mata ɗaurin igiya. Jiya na ga an sa wata yarinya tana auna ofishina da tef, wai za a sake fenti. Wanda kuma ta koma Chicago, tana wani wasa a ɗakin da bai ɗauki mutum tamanin ba. Ta kira ni sau ɗaya, ba don ta tambayi sakamako ba. Cewa ta yi, "Matar nan, idan ta gama faɗa da maza ta koma gida, wa take yi wa kuka?" Na ce ban sani ba, littafin bai faɗa ba. Ta ce, "Ai ɗa ne ya rubuta, ba zai sani ba. Ki tambayi 'yar."

Ban rubuto don ki tausaya min ba. Aiki idan ya tafi wani zai zo. Amma idan za ki ƙi ta, ina so ki ƙi ta da bakinki.

Taki,
Delphine


Bakin Ruwa
6 ga Yuni, 1994

'Yata Delphine,

Ina gaishe ki, ki gai da mahaifiyarki. Gwiwa ta kumbura saboda na durƙusa a ƙasa fiye da yadda ya kamata, za ki ji dalili. An fara kamun jatan lande, bana ƙanana ne, kowa na ƙorafi kamar kullum.

Kin ce in ƙi ta da bakina. To bari in fara da abin da na riƙe tun watan Maris. Ranar da muka kalli kaset, da Wanda ta goge hannu a siket ta yi ƙasa da murya, tashi na yi na shiga bayan gidan Verna na kulle ƙofa. Verna tana buga ƙofa tana cewa, "Ke lafiya? Ko miyar ce?" Na ce miyar ce. Ba miyar ba ce. Mamanmu ba ta taɓa ɗaga murya ba. Idan ta yi ƙasa da ita haka, har karnukan unguwa shiga ƙarƙashin gida suke yi. Ovide bai rubuta wannan ba, bai rubuta goge hannun ba. Shi ya sa na ƙara zarginki, na ce lallai wani ya tsegunta mata. Na zauna na lissafa waɗanda suka san Mama da rai, sai na ga saura ni kaɗai.

Duk da haka na yi niyyar yin shiru har ranar goma sha biyar. Verna ce ta hana ni sakat. Ranar Laraba ta shigo ba sallama ta ce, "Celestine, shekara hamsin da shida akwatin nan yana kulle, kina gadinsa kamar kare a bakin shago. Idan kin mutu ni zan buɗe, kuma in sayar da komai a bakin titi." Na ce mata sai ta riga ni mutuwa don baƙin hali. Da ta fita na ɗauko makullin.

Riguna uku ne, da mayafin coci, da takalmi ƙafa ɗaya da ɗan'uwansa. Na ɗaga shuɗiyar rigar da take sawa ranar Lahadi, wadda na tuna tana share ƙasa. Delphine, na kara ta a jikina, ni da ban kai ƙafa biyar da rabi ba, sai ta tsaya min a ƙasan gwiwa kaɗan. Kafaɗar ko hannuna biyu ba ta cika ba. Na ce yadi ne ya tsuke. Na ɗauko ta biyu, haka. Ta uku, haka. Na ce to wataƙila kayan wata ne Baba ya haɗa cikin ruɗewa. Sai na ga gyaran da aka yi wa aljihun shuɗiyar da jan zare, kuma ni na riƙe mata fitila ranar da ta yi shi. Takalmin kuwa tafin hannuna ya kusa rufe shi.

Na kira Verna. Ta zo ta duba, ta ɗauki rigar ta kara a jikin ƙofar kicin daidai inda na yi alama da fensir don in yi wa Wandarki dariya. Ta dubi rigar, ta dubi alamar. Can ta ce, "To ai ku yara ne, Celestine. Daga ƙasa kuke kallonta."

Washegari na je coci na tsaya a ƙofar. Ƙofar nan ko Fada, duk tsayinsa, ba ya sunkuyawa, kuma ita ce dai tun kafin a haife ni. Shekara sittin ina shiga ta, ban taɓa tambayar kaina ba. Sai na tuna, sunkuyar da kai Mama take yi idan za ta shiga, don ladabi, kamar kowace mace a lokacin. Ni da Ovide muka mayar da shi tsayi. Ya rubuta a littafi, mutum dubu ɗari suka karanta, ni kuma na kusa korar jikar Zoe daga aiki a kansa. Na yi kuka a nan bakin ƙofa, ba na jin kunyar faɗa. Ba don Mama ta zama ƙarama ba. Don na gane wannan 'yar mitsitsiyar mata ce ta fita cikin guguwa maza goma sha biyu suka bi ta, kuma ba mu taɓa ba ta ladan hakan ba, mun ɗauka ƙarfin jiki ne.

Yanzu ke. A cikin wuyan kowace riga akwai ƙaramin harafin Z da aka yi da zare. Kakarki ce ta ɗinka su. Wadda ta ɗinka wa mace riga ta san awonta har ta mutu, kuma Zoe ba ta iya riƙe magana ba ko a coci. Kin ce ita ta ba ki labarin akwatin. Ashe ba ta ba ki labarin abin da ke ciki ba? Telolin nan naku, da gaske sun nemi riga, ko ke kika ƙirƙiro su don in buɗe da hannuna? Kifi na ganinki, mai jar koma. Kada ki amsa. Idan kika ce ba ki sani ba, ba zan yarda ba, idan kuma kika ce kin sani, sai na yi fushi, ni kuma na gaji da fushi.

Ga takardar na sa hannu, da sunan Wanda Pulaski, Fada da Verna sun shaida. Ki kai wa shugabanki da kanki, ki gaya wa mai tef ta je ta auna wani ofishin. Ga shuɗiyar rigar ma a cikin ƙunshin. Aro ne. Ba a wanke ta da injin, kuma ina so ta dawo da jan zarenta.

Ki faɗa wa Wanda amsar tambayarta. A cikin jirgi Mama take kuka, ta juya wa gari baya tana yi kamar tana kwashe ruwa. Na taɓa kama ta sau ɗaya, ta ce gishiri ne ya shiga idonta.

Sharaɗina ɗaya ne, kuma na rubuta shi da biro a ƙasan takardar ko lauyoyinku sun so ko sun ƙi. Kada a ɗora Wanda a kan akwati, kada a sa mata dogon takalmi. Ku bar ta yadda Allah ya yi ta. Amma a fitowar bakin ruwa, lokacin da za ta kwance igiya, ku sauke kyamararku ƙasa, daidai tsayin yarinya 'yar shekara takwas. Ina so in ƙara ganin uwata sau ɗaya daga inda na saba ganinta.

Tantinki,
Celestine